Malam Shitu da Kwamitin da Ya Zo Guangzhou

Shekara goma sha ɗaya Malam Shitu ya yi yana buga tafireta a majalisar dokokin jiharmu kafin ya san akwai wani gari mai suna Guangzhou. Ba zan faɗi sunan jihar ba, don mutanen da ke cikin labarin nan suna raye, wasunsu har yanzu da jiniya suke yawo. Aikinsa shi ne ya zauna a ƙarshen tebur idan kwamiti na zama, ya rubuta abin da aka ce, da yamma ya buga. Ya sha ba ni labarin ranar da kwamiti ya kira wani babban sakatare a kan rijiyoyin burtsatse da ba a haƙa ba. Mutumin ya shigo da babbar riga ta sha sitati, ya fita ta manne masa a baya don gumi. Tun daga ranar Shitu ya riƙe cewa komai girman ma'aikacin gwamnati, akwai ɗakin da za a zaunar da shi a tambaye shi.

A 2002 aka kawo kwamfuta, aka rage ma'aikata, sunansa na ciki. Yana da mata da 'ya'ya huɗu. Ƙanin matarsa, mai sayar da yadi a Kwari, shi ya yi masa hanyar China. Ni a can na san shi, don ina zuwa sayen kayan yara sau biyu a shekara. Shi ke tarbar mu, ya kai mu kasuwar Shisanhang, ya yi mana ciniki da ɗan Sinancin kanti da ya koya, ya tsaya a kan kaya har a rufe kwantena. Dogo ne siriri, kullum da biro biyu a aljihun gaba. Masu kanti na kiransa lawban, wato maigida, shi kuwa yana dariya don ya san ko tsinke babu nasa a cikin kayan.

Gwamnatin jiharmu ta buɗe wani ɗan ofishi a garin don 'yan kasuwarta. Shi ke ba da wasiƙar da ake nema wajen sabunta biza, shi kuma ya kamata ya tsaya wa mutum idan ya shiga matsala. Wani matashi Zayyad ke riƙe da shi, a hawa na ashirin da biyu na wani dogon gini mai gilasai. Masu gadin ginin suna da tsarinsu. Bature ko Balarabe ya bi ƙofar gaba ya hau lif, baƙar fata kuwa a nuna masa baya, wajen lif ɗin kaya, inda ake sauke kwalaye da shara. Zayyad yana da katin wuya, don haka shi ta gaba yake bi. Da aka kai masa ƙorafi sai ya ce masu ginin sun gaji da hayaniyarmu. Daga baya ma ya sa doka cewa kada kowa ya hau, a jira a ƙasa, zai riƙa saukowa ya karɓi takardu.

Haka muke lallaɓawa har 2008, shekarar wasannin Olamfik. Wasan a Beijing za a yi, mu kuwa tun watan huɗu muka fara jin sa a jikinmu. Biza ta yi wuya, wadda ake samu kuma ta gajarce. Otal ɗin da ka saba sauka sai a dube ka a ce meyo, babu ɗaki, kana tsaye wani farin mutum ya zo a miƙa masa mabuɗi. Masu gidaje suka fara ba mutanenmu kwana uku su kwashe kaya. Shitu ya ce akwai ranar da aka tsayar da shi sau uku ana neman fasfo tsakanin gidansa da tashar jirgin ƙasa, wani Baturken da suke tafe tare kuwa ko kallonsa ba a yi ba.

A watan bakwai aka kama Ilu. Ɗan jiharmu ne mai haɗa kayan waya, yana da ciwon suga. Matarsa Zeinabou 'yar Maraɗi ce, tana dafa tuwo da miyar kuka a ɗakinsu, kusan dukkanmu a wajenta muke ci. Da aka tsayar da Ilu babu fasfo a jikinsa, don sati bakwai ke nan fasfon yana ofishin Zayyad ana jiran wasiƙa, kuma bizar ta ƙare a cikin durowa. Zeinabou ta riƙa zuwa ƙofar kaya kullum da ledar maganinsa a hannu. Wani lokaci Zayyad ya sauko ya ce ana kan magana, wani lokaci ya aiko a ce ba ya nan.

Ana cikin azumi labari ya zo cewa kwamitin majalisa mai kula da ciniki zai zo a watan goma ya duba aikin ofishin. Ban taɓa ganin Shitu da fara'a irin ta ranar ba. Bayan sallar Juma'a a masallacin Huaisheng ya tsayar da mu a waje, ya yi mana bayani cewa wannan zama ba wasa ba ne, kwamiti na da ikon ya sa ma'aikaci ya kawo fayil, ya rantsar da shi, ya rubuta a cire shi. Wasu suka yi dariya. Bai damu ba. Sati uku ya yi yana bin mutane ɗaki ɗaki yana rubuta abin da ya same su, da rana da wata da wuri. Wanda ya fara zagi sai Shitu ya ajiye biro ya ce majalisa ba ta karɓar zagi, a faɗi abin da ya faru kawai. Mutum arba'in da ɗaya ya samu. Ya je shagon kwamfuta ya buga da kansa, ya yi kwafi takwas, kowane da bangonsa. Saboda wannan aiki ya saki baƙi biyu da suka zo sayayya, suka koma hannun wani.

'Yan majalisa bakwai suka zo, daidai lokacin babbar kasuwar baje koli ta Pazhou. Zayyad ne ya kama musu otal, shi ya samo mota, shi ya samo tafinta. Ranar farko suka je ganin ofishin, sai aka yi abin da ba wanda ya tsara. Shugaban kwamitin, Honarabul Babayo, ya riga sauran sauka daga mota, ya nufi ƙofar gaba da malum-malum ɗinsa, mai gadi ya tare shi ya nuna masa baya. Sai da ya zagaya ya tsaya cikin kwalaye kusan minti goma, kusa da Zeinabou da ledarta, kafin Zayyad ya zo da gudu yana ba da haƙuri. Da Shitu ya ji labarin ya ce to shi ke nan, Allah ya nuna masa da idonsa, ba sai an yi dogon bayani ba.

Aka sa zaman sauraron jama'a ranar Laraba da ƙarfe goma a wani ɗaki na otal ɗinsu. Mu kusan talatin muka je. Masu otal suka ce ba za su bar baƙaƙe da yawa haka su shiga ba, Zayyad ya fito ya ce mutum biyu za a ɗauka. Aka tura Shitu da Zeinabou. Mu muka tsaya a bakin titi. Abin da ya faru a ciki daga bakinsu na ji, su biyun, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Mutum uku suka tarar a tebur, huɗu sun tafi Pazhou. Shitu ya yi gaisuwa irin ta majalisa, ya raba takardunsa, ya fara karantawa. Yana shafi na biyu Honarabul Babayo ya ce a taƙaita. Ya taƙaita. Ya faɗi maganar ƙofar kaya, da otal, da gidaje, sannan ya zo kan Ilu. Akwai mace ɗaya a cikinsu, Hajiya Fasuma, tsohuwar malamar makaranta ce. Ita kaɗai ta buɗe takardar tana bi da yatsa. Ta juya ta tambayi Zayyad a ina fasfon Ilu yake ranar da aka kama shi. Zayyad ya ce sai ya duba fayil. Ta ce ya aika a kawo fayil ɗin. Ya ce mabuɗin yana wajen sakatariyarsa, ita kuma tana raka sauran mambobi.

Hajiya Fasuma ta ce to ga matar mutumin, a ji ta bakinta. Zeinabou ta miƙe ta fara magana. Ba ta kai jimla uku ba shugaban ya ɗaga hannu ya tambaye ta ita 'yar ina ce, don ya ji harshenta. Ta ce Maraɗi.

"To ai baiwar Allah, wannan majalisar jiharmu ce," in ji shi. "Ba mu da hurumin karɓar shaidar 'yar wata ƙasa."

Shitu ya ce, "Ranka ya daɗe, mijinta ɗan jiharmu ne. Kuma dokar zaman kwamiti ta ce duk wanda abu ya shafa ana jin sa. Ni na buga dokar da hannuna."

Shugaban ya dube shi ya ce ashe tsohon ma'aikacinsu ne, to ya kamata ya fi kowa sanin cewa jiha ba ta tsoma baki a harkar ƙasashen waje. Yadda masu ƙasa ke tsare ƙofofinsu da titunansu nasu ne, mu baƙi ne, kuma gwamnatin jiha na neman masu zuba jari daga nan, bai kamata a zo a ɓata tafiya ba. Shitu ya ce ba a kan masu ƙasa ya kawo ƙara ba, a kan ofishinmu ne, wanda ya ga ana ware mu ya taya su. Ya ƙara da cewa shi kansa mai girma shugaba ya tsaya a ƙofar kaya shekaranjiya. A nan fuskar Honarabul Babayo ta canza. Ya ce wannan kuskure ne na mai gadi, an kuma gyara. Ya rufe zaman. Gaba ɗaya minti ashirin da biyar.

Suna fitowa wani daga cikin mambobin da suka dawo ya tsayar da Shitu a ƙofa, ya ce an gaya masa ya san inda ake samun kujerun falo masu kyau. Shitu ya ce bai sani ba. Wannan ce kaɗai ƙaryar da na taɓa jin ya yi. Zeinabou kuwa ta wuce mu ta tafi tashar mota.

A watan sha biyu aka sa Ilu a jirgi, ya rame, ƙafarsa ɗaya ta kumbura. Zeinabou ta sayar da tukwanenta ta bi shi. Da bizar Shitu ta kusa ƙarewa ya kai takardarsa ofishin, Zayyad ya ce sunansa ba ya cikin 'yan kasuwar da ke da rajista, tun da shi ba ya sayen komai. Shekara biyar ana ba shi wasiƙar ba wanda ya taɓa tayar da wannan magana. Bai jira a kama shi ba. Ya raba baƙinsa ga abokan aiki, ya koma gida a watan biyu na 2009.

Ya je majalisa neman rahoton kwamitin. Wani tsohon abokin aikinsa ya ɗauko masa a ɓoye. Shafi tara ne, shida a kan masana'antun da suka ziyarta. An yaba wa jami'in ofishin bisa kyakkyawar tarba. An ce an saurari wasu 'yan kasuwa, an shawarce su da su kiyaye dokokin ƙasar da suke baƙunta. Shawara ta ƙarshe ita ce a riƙa tanadar wa manyan baƙi katin shiga tun kafin su iso. Sunan Ilu bai fito ba. Abokin ya ce Hajiya Fasuma ta rubuta nata ra'ayin daban, amma ba a haɗa ba, wai ya zo a makare. Ita ma zaɓen gaba jam'iyya ba ta tsayar da ita ba.

Shitu ya zauna tsaron shagon ƙanin matarsa a Kwari. Ba ya son aikin, kuma ba ya iya ɓoye hakan. Idan na je gaishe shi mukan yi hirar kowa da komai ban da wancan zama. Sau ɗaya kawai ya ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne mutanen da ya sa suka faɗi sunayensu, don aƙalla shida daga cikinsu sun sha wuyar samun wasiƙa bayan tafiyar kwamitin. An yanke wa Ilu ƙafa a wannan shekarar. Shitu ya je Maraɗi dubiya, inda suka koma wajen dangin matar, ya ce Zeinabou ta ba shi abinci ta gaishe shi da kyau, amma ba ta zauna ba.

A ƙarshen 2010 ina filin jirgin Kano zan tafi sayayya, sai na hango Honarabul Babayo da mutanensa. Yana neman kujera mafi girma a lokacin, zai je a buga masa huluna da laimomi masu hotonsa. A bayansu wani dogon mutum na tura akwatuna huɗu a kan amalanken filin jirgi. Malam Shitu ne. Ashe an nemi wanda ya san masana'antu aka ce babu kamarsa, aka aika masa, wasiƙarsa ta fito daga ofishin Zayyad cikin kwana biyu. 'Yarsa ta fari za ta shiga makarantar koyon jinya a shekarar.

Muka gaisa. Na tambayi iyali, ya ce lafiya. Ya tambayi kasuwa, na ce da godiya. Sai wani ya ƙwala masa kira daga gaba, ya ce Shitu a kawo jakar Honarabul. Ya ce mini sai mun haɗu a can, ya tura kayan ya bi su.