Ranar da Na Sauke Muryar Dada

Ni mutum ne mai gaggawa tun ina ƙarami. Dada, kakata ta wajen uwa, ita ta fara gano haka, kuma ba ta taɓa barina na huta da zancen ba. "Angona mai ƙaiƙayin ƙafa," haka take kirana a gaban kowa, ko da baƙi a gidan.

A wani ƙauye na ƙasar Gwiwa muka tashi, gida ɗaya da ita. Idan kaka ta yi aka kwaso gyaɗa daga gona, aikin ɓararta namu ne, mu jikoki. Da an yi magariba an ci tuwo, Dada za ta hura 'yar wuta a ƙofar ɗakinta, ta zube gyaɗa a tabarma, mu kewaye ta. Dokarta ɗaya ce: tatsuniya da hannu take tafiya. Hannun wani ya tsaya, bakinta ya tsaya, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta cinye mutum. Sai mu yi ta harara da zungurin mai laifin har ya ci gaba da ɓara. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Gyaɗa ɗaya take ɗauka ta murƙushe, ta ce, "Na ɓare." Mu kuma mu haɗa baki, "Ba mu ƙwayar!"

Ni ban iya jira ba. Ana tsakiyar labari sai in ce, "Dada, to ƙarshe fa?"

"Tashi ka je ƙarshen ka jira mu a can," in ji ta. "In mun zo ka ba mu ruwa."

Akwai wadda muka fi roƙonta ta yi mana, ta wata mata da shamuwa. Matar nan Allah ya ba ta waƙoƙi cike da ciki, na niƙa, na daka, na renon yara, sai dai ya haɗa mata da rowa. In ta rera ɗaya, washegari ta ji ta a bakin maƙwabta, sai ranta ya ɓaci kamar an sace mata akuya. Wata rana ta ɗaga kai ta ga shamuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar gidanta. Ta ce yawwa, can sama babu mai kaiwa. Ta kwashe waƙoƙin nan kaf daga cikinta ta ba shamuwa ajiya. Duk sanda take son ɗaya sai ta tsaya a gindin tsamiya ta kira. A nan Dada ke rerawa, da siririyar muryarta mai ɗan rawa:

"Shamuwa, sako min ɗaya."

Mu ne shamuwar. Mu amsa mata, "Ga ɗaya, ki maido."

Haka matar ta ci damina guda cikin jin daɗi, tana karɓa tana maidowa. Abin da ta manta shi ne shamuwa baƙuwar damina ce. Ruwa na ɗaukewa ta yi tafiyarta. Cikin rani matar ta haihu, jaririn ya kama kuka, kwana uku bai rufe baki ba. Ta buɗe nata bakin za ta lallashe shi, ta ji wayam. Ta ruga gindin tsamiya ta kira. A wannan wurin Dada takan rera kiran sau uku, kuma doka ce kada kowa ya amsa. Nan ne kawai a duk tatsuniyar ake yin tsit, har ka ji ɓawon gyaɗa na ƙara a cikin wuta. Ni dai wurin nan tsoro yake ba ni. Daga ƙarshe wata tsohuwa maƙwabciyarta, wadda ta taɓa tsintar rabin waƙa ɗaya ta jikin zana, ta shigo ta rera wannan rabin, jariri ya yi barci.

"Shi ya sa kuka ga waƙar reno duk gajeruwa ce," in ji Dada. "Rabin nan ne ya rage mana." Sai ta watsa ɓawo a wuta ta ce, "Na ƙone ta, kowa ya kai ƙwayarsa buhu."

Na girma na zama malamin makaranta a Kazaure. Shekarar da Dada ta fara rauni na sayi wayata ta farko mai ɗaukar murya, na je ƙauye na zaunar da ita yamma uku a jere, na ɗauki tatsuniyoyinta da waƙoƙinta na niƙa. Ba ta kai wata damina ba ta rasu. Don kada su ɓace, sai na ɗora su a ma'ajiyar intanet, inda nake tara duk abin da nake saurare, waƙoƙi da wa'azi da karatu. Ƙanwata Hajara ta roƙe ni ya fi a ƙirga.

"Yaya, don Allah ka turo min muryar Dada."

"Bari in gyara su tukuna," nakan ce.

Ban gyara komai ba, ban ma saurare su ba. Wani ɓangare tsoron jin muryarta ne, wani ɓangaren kuma, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji a ce duk dangi ni kaɗai ke da ita. Na canza waya sau biyu, kuma kowace sabuwa na buɗe sai in ga jerin kayana reras a ciki. Na saki jiki cewa Dada na aljihuna.

Sai bara, cikin zafin bazara, ciwo ya kwantar da mahaifiyarmu, Inna. An kai ta asibiti, bayan kwanaki aka sallamo ta, aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya gane abin da ake nufi. Ranar Juma'a na hau babur na tafi ƙauye, na same ta kwance ta rame, Hajara na yi mata fifita. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta cika yi min magana kai tsaye ba. Ina zaune dab da ita ta dubi Hajara.

"Ce wa wancan, an ce muryar tsohuwa na wurinsa. Ina so in ji."

Har da ɗan alfaharina na zaro waya. Na danna, wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskarta. Ya yi ta juyawa. Jerin yana nan, amma duk ya dusashe, babu wanda ya buɗu. Sai a lokacin abin ya faɗo min: jerin kawai nake yawo da shi shekara da shekaru, muryar tana can inda na ɗora ta, kuma ƙauyenmu babu sabis.

"Ta ƙi ne?" in ji Inna, idonta a rufe.

"Yanzu za ta yi, Inna."

Na fita da sauri na hau dutsen bayan gari inda mutane ke zuwa yin waya. Sabis ɗin wurin sanda ɗaya ne, ya zo ya tafi, ya ishi a ce "kuna lafiya" amma ba zai ɗauko komai ba. Na ɗaga waya sama, na koma gabas, na koma yamma, na hau wani dutsen da ya fi tsawo, gumi har cikin idona. Har aka kira la'asar ko ɗaya ban samu ba. Na sauko ko ɗakin ban iya leƙawa ba, na ce wa Hajara ta gaya mata na je ɗaukowa.

Sai da na kusa Roni sabis ya dawo sosai. Na tsaya a inuwar wata bishiya a bakin hanya, ko babur ban kashe ba. Nan halina ya sake kayar da ni. Maimakon in nemo na Dada in sauke su kaɗai, sai na danna a sauke duka. Wayar kuwa ta fara daga sababbi, waƙoƙin biki da na ɗora kwanan nan, da wa'azozi masu tsawon awa biyu-biyu. Na Dada su ne mafi tsufa, suna can ƙasan ƙasa. Ina tsaye ina kaɗa ƙafa, ina kallon layin na tafiya kamar hawainiya, sai wayar ta ce ta cika. Caji kuma saura kaɗan. Na ji kamar in maka ta da ƙasa, amma laifin ba nata ba ne.

Na ƙarasa Kazaure na buɗe kwamfutata, na tarar da wani aikin da na jawo wa kaina. Ban taɓa sa musu suna ba. Lambobi ne kawai, cakuɗe da tarukan makaranta da na ɗauka a shekarar. Dole in buɗe kowanne in ji farkonsa, in ware. Ina cikin yi aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu. Na kwana a Kazaure ba don na so ba.

Da hantsi Hajara ta kira ni daga kan dutse, muryarta na yankewa.

"Yaya, kana ina? Tun safe ko kunu ta ƙi karɓa. Ba ta ce komai ba sai tambaya ɗaya, wai ka dawo?"

"Ina hanya," na ce, alhali ina shagon caji da kwamfuta a cinya.

A can na ƙarasa. Na sauke su a kwamfuta, na share tarkacen da ya cika wayar na zuba su a ciki, na kwafa a memori guda biyu. Na shiga kasuwa na sayi ƙaramar rediyo mai cin memori, don kunnen Inna ya yi nauyi, ba za ta ji ta waya ba. Na kashe data gaba ɗaya na gwada kowanne, na ji Dada ta yi gyaran murya, na kashe. Yadda na tuƙa babur ɗin nan zuwa ƙauye, Allah ne kawai ya tsare. Duk mutumin da na hango tafe daga wajen garinmu sai in duba fuskarsa, ko akwai labari a ciki.

Na same ta da rai. Na durƙusa na ajiye rediyon kusa da kunnenta, na nemo ta shamuwa, na kunna. Matan gidan suka taru a bakin ƙofa.

"Na ɓare," in ji Dada, tamkar tana zaune a ɗakin.

Wasu yara suka fara amsawa a cikin rediyon, sai wata murya ta daka musu tsawa: "Kai! Ku yi mana shiru, ana ɗauka ne. Duk wanda ya sake magana waje zai fita."

Muryata ce. Wallahi na manta na yi haka. Ina son abin ya fita tsaf ne, ba hayaniya, shi ne na rufe bakin jikokin da ke wurin. Dada ba ta yi min musu ba, ta ci gaba da labarinta. Amma da ta zo wurin kiran ta rera "Shamuwa, sako min ɗaya," sai ta tsaya. Ta bar gurbin amshin daidai tsawonsa, babu abin da ke ciki sai ƙarar ɓawon gyaɗa a hannunta. Da hannuna na mai da duk tatsuniyar ta zama rani. Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai.

Da kiran ya sake zagayowa, sai na ji wani abu kamar numfashi a gefena. Leɓen Inna ne ke motsi.

"Ga ɗaya, ki maido."

A na uku Hajara ta kama mata, tana kuka tana amsawa, matan bakin ƙofa ma suka shiga. Da aka zo wurin da ba a amsawa, duk suka yi tsit ba wanda ya tuna musu. Da ta ƙare, Inna ta juyo da kai ta dube ni, ni ɗin, ba ta bi ta kan Hajara ba.

"Kai ka hana su?"

"Ni ne, Inna."

"Ka ji yadda take jiran ku kuwa?" Ta nuna rediyon da yatsa. "Sake kunnawa. Hajara, kawo kunun nan."

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, rediyon na gefen matashinta. Kafin a yi sadakar uku na tura wa duk wanda ya miƙo waya ko memori, har 'yan uwanmu na Babura. Na so in yanke tsawar nan tawa kafin in raba, Hajara ta ce ban isa ba, a bar ta kowa ya ji halina.

A kan babur ɗin nan na ɗauka na gama fahimtar tatsuniyar Dada: kada ka ajiye abinka inda hannunka ba ya kaiwa. Wannan gaskiya ne, kuma na ji a jikina. Amma yanzu da nake da muryar a kwamfuta da waya da rediyo, ba na buƙatar sabis ko na sanda ɗaya, sai na ga rabi kawai na sauke. Ɗaya rabin bai taɓa shiga wata na'ura ba. A bakin Inna yake, kuma ta tafi da nata. Wannan ne ke hana ni zama har yanzu.

Makon jiya na kunna wa 'yata Ummi, mai shekara shida. Dada ta rera kiran ta tsaya. Ummi ta jira, ta ɗauki rediyon ta girgiza, ta dube ni.

"Baba, ta lalace ne?"

"Ba ta lalace ba," na ce. "Ke take jira. Matso in gaya miki abin da za ki ce mata."