Kan Saniyar Da Ba Kunne

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da na ɗauki kan saniya na kutsa tsakiyar maza ba. Da furfurata na koyi riƙe alƙalami, kuma wannan labarin na fara rubutawa.

Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Ngawundere ba. Gari ya cika da baƙi da manyan motoci da ɓarayi, jandarma kuwa sai ka yini ba ka ga ko ɗaya ba. Sai mahauta da dillalan shanu suka kafa 'yan bangarsu. Ni ma na yi musu guɗa, ba zan ɓoye ba. Farfesun kai da ƙafa nake sayarwa a bakin tasha.

Wata rana aka wayi gari an sace jar saniyar wani dillali. Kafin azahar 'yan banga sun kama wani ɗan dako, magidanci daga Kaele, don an ga jini a rigarsa. Suka ɗaure shi jikin mota suna jibga, wasu na ihun a sare hannun. Bawan Allah ba Hausa, ba Fillanci, sai kuka.

Sai na tuna. Da hantsi wani mahauci, na gaba-gaba cikin 'yan bangan, ya kawo mini kan saniya an yanke kunnuwan duka biyu. Kowa ya san a kunne ake tsaga shaidar mai saniya, kuma mahaucin kirki ba ya taɓa shi. Allah ya sa ban babbake kan ba.

Na ɗauko shi a daro, na dire gaban Sarkin fawa da ke tsaye a wurin.

"Ke, koma wajen tukunyarki!" in ji mahaucin.

"Zan koma. Fara gaya wa Sarki inda ka kai kunnuwan."

Dillalin ya durƙusa, ya shafa karkataccen ƙahon. "Wallahi ita ce."

Ashe mahaucin ne ya ɗora wa ɗan dakon naman, jinin ke nan. Sanduna suka juya kan mahaucin. Na sake tarewa.

"Sarki, yanzu kuka kusa sare hannun marar laifi. Wannan ku kai shi wajen jandarma da ƙafafunsa."

Sarki ya dube ni, ya ce, "Ku ajiye sandunan."

Ɗan dakon ya tsira da hannunsa, sai dai ya bar haƙora biyu a ƙasa. Tun ranar, in na ji an ce ɓarawo, ba na guɗa sai na tambayi wa ya gani da idonsa. Wanda ya fi kowa ɗaga sanda kuwa, shi nake fara kallo.