Kabarin Saja Mamman a Alƙahira

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammar wata Laraba, ina cikin motar haya zan koma unguwarmu Hayyin Ashir, saƙon Yaya ya shigo: Kaka ta faɗi, bakinta ya daina magana. Shekarata biyu ke nan a Masar ban cika alkawarin da na yi mata ba.

Muna yara a Ɗanja, bayan sallar isha mukan kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ran da ta ce, "Yau ba ta Gizo ba ce, ku matso," mun san labarin mahaifinta za ta ba mu.

Saja Mamman sojan Turawa ne. Idan abokansa sun zauna karta, shi sai ya ɗaura tsohon gidan sauro a sanda ya shiga ciyawa farautar malam-buɗe-littafi. Yakan kafe su da ƙaya a cikin gwangwanin taba, ya rubuta garin da ya kama kowanne da ajami.

"Ƙato guda, ga bindiga, yana bin ƙwaro da sanɗa," in ji Kaka, tana dariya har da tari. "Innarmu ta ce soja ta aura ko yaro?"

Lokacin yaƙi aka kai su Masar. Gwangwanin ya dawo gida, shi bai dawo ba. A nan takan rage murya, mu kuma mu daina tauna.

Ranar da zan taho karatu ta riƙe hannuna. "Ke mai karatu ce, Hadiza. Ki nemo inda aka sa shi, ki gaishe shi."

Kunyar tambayar mutane ta sa na yi ta cewa sai an gama jarrabawa. Washegarin saƙon Yaya na tafi maƙabartar sojoji, na bi duwatsun kaburburan ɗaya bayan ɗaya. A nan na fahimci abin da ban taɓa tambayarta ba: sojojinmu da sunan gari ake rubuta su, wanda ya gudo daga gida kuma yakan ari garin da ba nasa ba. Babu Mamman Ɗanja. Akwai Mamman Kano, Mamman Zariya, Mamman Katsina. Kaka, wadda ta san garin da ya ara, tana kwance ba baki.

Da ƙyar na yi wa wani tsoho mai ban ruwan furanni magana, na tambaye shi wanne ne namu. Ya daɗe yana kallon duwatsun.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata," ya ce. "Ki gaishe su duka ukun. Tun da nake nan ba wanda ya zo wurinsu."