Kyaftin ɗin da Na Zaɓa Masa

A shekarar da aka kawo goron neman aurena, samarin layinmu a Agege sun rabu biyu a kan wasan ƙwallo na waya. Wasan haɗa tawaga ne: ka zaɓi 'yan wasan Turai na gaske, abin da suka yi a fili ranar Asabar shi ne makinka. Akwai tsohon wasan, wanda ba a biyan komai, riba ɗaya ka cika wa abokai baki. Akwai kuma sabo, mai kuɗin shiga, wanda gwanin mako ke samun tukuici. Wakilin sabon ya kama shago a bakin titi, daidai inda Baba ke tsayawa jiran danfo, motar haya, kowace safiya.

Baba ɗan goro ne, mutum marar yawan magana. Yana da ƙane da caca ta cinye a Ijora tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa jin an ambaci sunansa a gidanmu ba. Da magabatan saurayina suka kawo goro, Baba ya karɓa, amma bai ce e ba. Ya ce a ba shi lokaci, ya sa Kawu bincike. Shi kuwa Kawu ba ya tambayar kowa komai. Sai dai a gan shi a wurin mai shayi, gobe a rumfar wanzami, yana jan carbi kamar barci yake yi.

Ina son saurayin nan nawa, ba zan ɓoye ba. Yana sayar da kayan wuta a Ojo, ga fara'a, ga taurin kai. Wata Alhamis bayan la'asar ya zo zance, muka zauna a bencin ƙofar gida, ya miƙo mini wayarsa.

"Ranki ya daɗe, zaɓa mini. Wannan ko wannan?"

"Wanda ba a biya," na ce.

"Ai na yara ne. Duk 'yan majalisarmu sun koma sabon. Ni kaɗai zan zauna ina wasa da kaina?"

"Kawu yana yawo fa."

"Abeg, wannan ba caca ba ce. Ilimi ne, sai wanda ya san ƙwallo."

"To je ka faɗa wa Baba haka."

Ya yi dariya, ya danna sabon a gabana, har da ɗora hotonsa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, na faɗa a raina, amma hohon nan har da ni zai shafa.

Sai ya ce tunda na fi shi sanin ƙwallo, in zaɓa masa kyaftin. Gaskiya ya faɗa, cikin yayye maza na taso. Kyaftin shi ake ninka wa maki, in ya yi kyau ka haye, in ya lalace ka sha ƙasa. Nan dabara ta zo mini. Na nuna masa wani tsohon mai tsaron baya, mai nauyin jiki, wanda an manta rabonsa da cin ƙwallo, ga shi za su je gidan waɗanda suka fi su. Nufina ya faɗi warwas, abokai su yi masa dariya, ya bar wasan kafin Kawu ya shinshino. Ya dube ni, ya dubi wayar.

"Kin tabbata?"

"Ka yarda da ni," na ce.

Ranar Asabar da yamma ina tsakar gida ina taya Baba tsince goro, muna ware masu tsutsa, muna sauya ganye. Gidan kallon ƙwallo yana bayan katangarmu. Ihu ya tashi. Na leƙa wayata a ƙarƙashin mayafi: tsohon nan ya sa kai a bugun kwana, ƙwallo ta shiga. Na ce ɗaya ce, ba komai. Kafin mu gama huhu na biyu ihu ya sake tashi, ya fi na farko. Shi ne dai. Goro ya suɓuce mini daga hannu.

"Yau kuma wa aka ci?" in ji Baba, bai ɗago ba.

"Ban sani ba, Baba."

Wayata ta yi ta motsi a cinyata, saurayina ne ke kira. Ban ɗauka ba.

Litinin da safe zan je kasuwa na ga hoton saurayina. An buga shi babba, an manna a ƙofar shagon wakilin: gwanin mako, yana murmushi, da hular da ya sa ranar da ya zo gaishe da Baba. Na tsaya na yi tunanin yage shi, amma wakilin yana zaune a ƙarƙashinsa yana cin gyaɗa. Baba kuwa ya riga ni fita.

Da ya dawo bai ta da maganar hoton ba. Washegari ma haka. Ya ci tuwonsa, ya tambaye ni farashin manja, har ya yaba miya. Da faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi. Ranar Laraba Kawu ya zo, aka kai masa abinci bai taɓa ba. Suka daɗe a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa, sannan Baba ya kira ni.

"'Yata, ɗauko goron mutanen nan. Ki sauya masa ganye, ki yayyafa ruwa. Ba a mayar da kayan mutane a bushe."

Na durƙusa na yi yadda ya ce, hawaye na ɗiga a kan ganyen. Kawu ya ɗauki kwandon ya fita, bai dube ni ba. Bai kai ƙarshen layi ba saƙo ya shigo wayata.

"Ranki ya daɗe, hannunki akwai albarka. Wa za mu sa kyaftin wannan makon?"