Yatsan Kawu a Kan Zanen Tanki

Jiya a kasuwar Kibiya warin takin zamani ya bugi hancina, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Injiniya ne a wata masana'antar sinadarai a Kano, shi ke zana yadda sinadari ke bin bututu daga tanki zuwa tanki.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya zo Rano hutun Sallah, lokacin ina karatun irin aikinsa. Ya shimfiɗa wani tsohon zane a tabarma, ya ɗora yatsansa mai farin tabon ƙuna a kan wani tanki.

"Idan wannan ya cika, ina zai bi?"

Na bi layukan da ido. Babu mafita.

Ya ce, "Mai zanen ya manta layi ɗaya, masu walda suka gina yadda suka gani. Mu biyu ne a wurin ranar da tankin ya fashe. Ni kaɗai na dawo gida."

Har yau in na buɗe zane a wurin aiki, ba na naɗe shi sai na gano mafitar kowane tanki. Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, ya tsare waɗanda ke tsaye a gindin abin da muka zana.