Kaset ɗin Gwaggo

Shekarar da talabijin ɗinmu ya daina kama tasha sai da dikoda, kowa a gidanmu na Talata Mafara ya yanke wa tsohon bidiyonmu hukunci. Innarmu har ta fara ɗora masa kwanon goro. Baba kaɗai ya ƙi yarda a fitar da shi, muka yi ta yi masa tsiya.

A shekarar ne Malam, mijin Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Damri, ya tafi aikin Hajji da ciwon gwiwa. Da sanda a hannu ya bar gida yana ɗingishi. Duk kiran da zai yi mata a waya, lafiya lau zai ce, ita kuwa ta san mutumin da ta aura, ko ƙafar ta cire haka zai faɗa. Abinci ma ya daina shigar mata.

Sai wani maƙwabcinmu ya ce ya hango shi a shirin alhazan jiharmu, kuma za a maimaita ranar Asabar. Gwaggo ba ta da talabijin, ba ta kuma shigowa gari sai Talata, ranar kasuwa. Baba ya share ƙurar bidiyo don ya naɗa mata shirin a kaset, ya danna ya sake dannawa, ba hoto, yayyafi kawai yake ɗauka. Ya rungume shi sai wurin mai gyaran rediyo. Mutumin ya ce lafiyarsa ƙalau, tashar ce ba ya iya kamawa da kansa. A jawo wayoyin nan uku na hoto da sauti daga dikoda a soka masa, sannan a haɗa shi da talabijin. Amma duk abin da dikoda ke nunawa shi zai naɗa, kada wanda ya canza tasha.

A gidan da maza huɗu ke kallon ƙwallo, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Ran Asabar Baba ya jefa rimot a aljihu, da shi ya je sallar La'asar. Ni aka bar wa gadi, na zauna gaban dikoda kamar mai jiran tukunya.

Talata da hantsi Gwaggo ta iso, ko mayafi ba ta cire ba aka saka kaset. Alhazai suka yi ta wucewa a titin Madina. Mun kusa fid da rai sai ga shi can gefe, bayan wani mai lema. Kafin ta gyara zama ya wuce.

"Maishe shi baya," in ji ta.

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kafin ya danna, don dikodarmu ba ta iya wannan ba. Malam ya koma da baya da sauri, ya sake tahowa. Sandar na saɓe a kafaɗarsa, ya rataya hannuwa a kai irin na makiyaya, yana tafiya da ƙafafunsa biyu.

"Malam, ina kwana? Ina gajiya? Ya baƙunta?" Ta gaishe shi tsaf, mu muna ta dariya, ni har da hawaye don daɗi.

Sau tara aka mayar da shi. A na ƙarshe ta matsa dab da gilashin, ta ƙura wa gwiwar ido.

"Ashe ba ƙarya shi kai min ba," ta ce. Ta juya wajen Innarmu. "Akwai sauran tuwo?"