Siririn Littafin Mushe Sa'adu

Shekara shida ina tuƙa motar wata ƙungiyar agaji a Diffa, kuma cikin duk waɗanda na ɗauka a motar nan ba wanda korarsa ta tsaya mini a rai kamar Mushe Sa'adu, Mushe kuwa shi ne yadda muke kiran malamin boko. Bai yi sata ba, bai zagi kowa ba. Littafin wasa ne ya ci shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sa'adu haifaffen garin nan ne. Ubansa masinja ne da aka turo daga Damagaram, uwarsa Babarbariya ce daga bakin Komadugu, don haka ya tashi da harshe biyu, lakwal, wato makarantar boko, ta ƙara masa Faransanci. Shekara bakwai yana koyarwa a ƙauyukan bakin kogi, har aka rufe makarantarsa saboda tashin hankali. Ya gwada fataucin tattasai, aka hana fataucin. Daga nan ƙungiyarmu ta ɗauke shi aikin ɗebe wa 'yan gudun hijira kewa a sansanin Gagamari. Mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, da tsohuwarsa da idonta ya fara tafiya, duk suna rataye a kwantiragin da ake sabuntawa bayan wata shida.

Wata baƙuwar ma'aikaciyar jinya mai suna Marta, da za ta koma ƙasarsu, ta bar masa wani siririn littafi na Faransanci, shafi talatin da 'yan kai, an ɗinke shi da zare. Wasan tatsuniya ne. Kowa ya zaɓi mutuminsa ya raɗa masa suna, jarumi ko maharbi ko mai magani. Mai jan wasa ya riƙa faɗin abin da suka tarar a hanya, su kuma su faɗi abin da za su yi, a jefa ɗan lido ya raba gardama. Sa'adu ya zubar da dodannin Turawa ya sa namu, ya mai da duniyar tafki da tsibirai. Ran mutum kuwa ƙwallon dabino biyar ne a gabansa. In dodo ya taɓa ka a ɗauke ɗaya, in sun ƙare mutuminka ya mutu, ba dawowa.

Don yara aka nufa, dattawa suka ƙwace. Masuntan Bosso ne, mutanen da suka saba da jirgi da hayaƙin banda, yanzu suna zaune a kan rairayi suna jiran rabon shinkafa. Liman ya leƙo sau ɗaya ya duba ko caca ce, ya ga ba ko dala a tabarma, ya yi gaba. Kowace Talata da hantsi nakan sauke Sa'adu a rumfar da suke taruwa. Da farko dariya nake musu, ƙatti da furfura suna gardama kan wa zai riƙe fitila a kogo. Daga baya ni ma na daina komawa mota.

Cikinsu akwai Baba Kalli. Ranar da aka kai wa Bosso hari ɗansa Zarami yana kan ruwa, kuma tun ranar ba wanda ya gan shi, a raye ko a mace. Kalli ya ƙi karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ce masa Allah ya jiƙan Zarami, sai ya tambaye shi ko ya ga gawa. Da aka ce ya raɗa wa mutuminsa suna, ya ce Zarami, Sa'adu ya rubuta. Shekara biyu yana wasa da shi, bai taɓa barin sa ya taka ruwa ba. In aka zo ƙetare, sai ya ce Zarami zai tsaya gadin kaya.

Ana nan sai shugabar sashenmu, Madam Faridatou, ta ji labarin wasan ta yi murna, ta sa aka aiko da sabon bugu daga waje. Ni na ɗauko kwalin a filin jirgi, sai da bayana ya amsa. Littattafai uku ne manya masu hotuna, da 'ya'yan lido masu fuska har ashirin, da takarda shafi huɗu da kowane mai wasa zai cike, ga mutanen da rabinsu ko sunansu ba sa rubutawa da boko. A sabon bugun jarumi ba ya mutuwa da sauƙi, suma yake yi ya farfaɗo. Madam ta ƙara da nata, ta ce a wajenmu ba mutuwa sam, mutanen nan sun ga ta ishe su. Ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da gaske ta ɗauka gata take musu.

A mota ta ce, "Mushe, tsohon nan ka jefa shi a kwandon shara. Da sabon za a auna aikinka ranar sabunta kwantiragi, ka ji?"

Ya ce, "Na ji, Madam."

Ya gwada, tsakani da Allah. Mako uku yana buɗe shafi yana rufewa, dattawa na hamma. A mako na uku aka zo ƙetare wani ruwa mai dodo, sai Kalli ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barbarci, "Yau Zarami zai shiga."

Kowa ya ɗago kai. Aka jefa, dodo ya yi nasara, aka sake jefawa, ya sake yi. Sa'adu ya duba littafi ya ce, "To Baba, Zarami ya suma. Da safe aka same shi a bakin gaɓa, lafiya lau."

"Wa ya same shi?"

"Abokan tafiyarsa, Baba."

"A wace gaɓa? Faɗa mini gaɓar, in tafi."

Kalli ya ɗauki takalmansa, ya ce littafin nan maƙaryaci ne, ya fita. A hanyar komawa Diffa Sa'adu ya juyo gare ni bayan mun wuce shingen soji. Ya ce, "Idi, shekara biyu tsohon nan yana tara ƙarfin da zai bar yaron ya shiga ruwa. Yau ya bar shi, ni kuma na ce masa an same shi."

Na ce, "Mushe, ka tuna da bakunan da ke gidanka."

Ya ce ya tuna.

Talatar da ta biyo ya fito da siririn littafin a aljihun riga, ya bar kwalin a buro, wato ofishinmu. Mun kusa tashi Madam ta buɗe ƙofa ta shigo, wai za ta ga yadda sabon bugu ke tafiya. Na kalli Sa'adu ta madubi. Da ni ne, sai in ce na yi mantuwa in koma in ɗauko kwalin, ba wanda zai sani. Shi kuwa ya ce mini mu tafi.

Da kansa ya je bukkar Kalli ya riƙo hannunsa. Ya zuba masa ƙwallon dabino biyar, ya ce, "Baba, wancan ƙetaren bai ƙirgu ba. Ga ruwan nan, ga dodon. Me Zarami zai yi?"

"Zai shiga."

Sa'adu bai yi masa coge ba, bai kuma sassauta ba. A fili ya riƙa jefa ɗan lidon kowa na gani. Zarami ya soki dodo sau biyu, ƙwallayen suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har tabarma ta zama wayam. Sa'adu ya ce, "Zarami ya rasu." Sannan ya juya ga sauran. "Ku me za ku yi?"

Wani masunci mai suna Ishaƙ ya ce zai sa jirgi ya ɗauko shi. Wani ya ce shi zai ba da likkafani, wani ya ce ya san tudun da ruwa ba ya kaiwa. Sa'adu ya riƙa faɗi a hankali, yadda suka tsamo shi, yadda suka kai shi tudu suka rufe. Kalli ya tambaya ko fuskarsa ba ta lalace ba, Sa'adu ya ce ba ta lalace ba. Sai tsohon ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Mutanen suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu suna cewa Allah ya jiƙan Zarami, shi kuma yana cewa amin. Ni ma na ba shi hannu.

Madam tana tsaye tana kallo. A mota ta ce abin da ta gani zalunci ne, an tasa tsoho gaba an kashe masa ɗa da gangan. Sa'adu ya fara bayani, ta ce ya rubuta a rapor, wato rahoton aiki. Ya rubuta shafi uku, ban yi tsammanin an karanta ba. Ranar Juma'a Kalli ya kira liman aka yi wa Zarami addu'a aka raba sadaka, shekara biyar bayan ɓatansa. Ƙarshen wata kwantiragin Sa'adu ya ƙare, ba a sabunta ba, aka karɓe bajinsa na shiga sansanin.

Ya nemi aiki a ƙungiyoyi uku, amma shugabannin a tebur ɗaya suke cin abinci. Wata huɗu yana zaune. Da abin ya yi tsanani sai ya bi masu zuwa haƙar zinariya a Jado, mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba. Ni na kai shi tasha. Sau biyu ya kira gida a wata na farko, daga nan sai ta bakin matafiya ake jin labarinsa.

An ɗauki wani sabon ma'aikaci, ya iya manyan littattafan da ka, yara kuma suna son hotunan. Dattawan sun daina zuwa. Makon jiya ina jiran sa a mota sai Ishaƙ ya zo ya dafa ƙofa, muka gaisa har gida da gajiya. Sannan ya ce, "Direba, yaushe Mushe zai dawo? Ni ma ina da biyu da suka ɓata, ƙanena da ɗansa. Mun yi da shi bayan Kalli ni ne."

Na ce masa ban sani ba.